Bindiga da Diga: Tsokaci a Kan Nazarin Adabin Yaƙin Duniya na Biyu

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da manazarta suka waiwayi adabin Hausa na zamanin yaƙin Hitila (1939-1945), waƙar Maraba da Soja ta Malam Sa'adu Zungur suke fara ɗauka. Sun yi gaskiya, domin waƙa ce da ta haɗa jigon yabo da na farkar da al'umma. Sai dai tsayawa a kanta kaɗai ya sa ake kallon Bahaushen wancan zamani a matsayin mai riƙe da bindiga kawai, alhali da yawa diga da shebur suka riƙe.

2.0 Abin da Nazari ya Tsallake

Daga ƙarshen 1943 zuwa farkon 1944, sojojin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa, sun sare dazuzzuka da duwatsu, suka fitar da hanyar mota mai tsawon fiye da mil 70 zuwa kwarin Kaladan a Bama. A gida kuwa, bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Turawa sun ɗora wa talakawa aikin tilas na haƙar kuza a Jos har zuwa 1944. Kuzar nan da fatu da ƙiraga na Arewa, jirgin ƙasa ke bi da su ta Inugu zuwa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal. Hausawan da suka zauna a waɗannan garuruwa biyu da Anaca, wato mahauta da dillalan shanu da 'yan dako, shaidu ne na wannan zirga-zirga.

Leburori ba sa aiki ba waƙa, haka ma mahauta suna da kiɗansu da kirarinsu. Rubutacciyar waƙa takan fito daga alƙalamin malami, ita kuwa waƙar aiki daga bakin wanda ya ɗanɗana wahalar take fitowa. Nazarin da ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya, rabin tarihi ya kawo.

3.0 Kammalawa

Rikicin 1966 da yaƙin basasa (1967-1970) sun tarwatsa waɗannan unguwanni, kuma mutanen wancan zamani sun kusa ƙarewa. Abin da ya saura yana bakin 'ya'ya da jikoki. Ya wajaba sassan koyar da Hausa su tura ɗalibai Inugu da Anaca da Fatakwal su taskace shi tun bai salwanta ba.