Masu Karatu Dubbai, Aljihu Wayam

Duk mai bin littattafan Hausa da ake saki ta waya ya san abin da ke tarbarsa a saman shafi tun kafin a shiga labari. Da farko sunan littafi da na marubuciya, sai lambar asusun banki, sai lambar da za a tura shaidar biya, sai wata lamba ta daban da aka ware wa ƴan Nijar. Daga nan sai Allah ya isa ga duk wadda ta karanta ba ta biya ba, ko ta fitar da littafin waje. Ni a ganina babu sharhin da ya bayyana halin da adabinmu ke ciki kamar wannan Allah ya isa. Ɗan kasuwar da ke cin riba ba ya buɗe shago da tsinuwa.

Abin mamaki shi ne ƙagaggen labarin Hausa bai taɓa samun masu karatu kamar na yanzu ba. Shafin da aka saki a Kano bayan sallar isha'i, kafin asuba an karanta shi a Damagaram da Maraɗi da Agadas, an karanta shi a zangon Kumasi da Garwa, har da ƴan uwanmu mazauna Saudiyya. To ina kuɗin yake tafiya? Idan ka tambayi marubutan, amsarsu guda ce: ɓarayi. Mutum ɗaya ya biya, ya kwafe, ya watsa a zaurukan WhatsApp goma. Gaskiya ne ana yin haka, kuma zalunci ne. Sai dai ina ganin mun ɗora wa ɓarawo kayan da ba nasa kaɗai ba ne, kuma muddin ba mu sauke sauran kayan mun duba ba, Allah ya isa za ta ci gaba da tsawo, aljihu kuma yana nan yadda yake.

Mu tuna zamanin takarda. Lokacin da Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, da lokacin da littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa ke tashe, ba kowane mai karatu ke saye ba. Kwafi ɗaya yakan zaga gida uku, daga uwargida zuwa amarya zuwa maƙwabta, ga kuma masu ba da haya. Ke nan karatun aro ba yau aka fara shi ba. Bambancin shi ne littafin takarda hannu ɗaya yake zama a lokaci ɗaya, yana yagewa, yana ɓata, kuma wadda ta ƙagu ta ji ƙarshen labari ba za ta jira layi ba, sai ta saya. Akwai kuma mai ɗab'i da dillalin Kano da ɗan tireda da ke kai kaya har Maraɗi, kowannensu cinsa na rataye da sayar da littafin, don haka kowa na tura shi gaba. Littafin waya kuwa ba ya tsufa, kwafi na dubu daidai yake da na farko, kuma babu wanda ke da riba a cikin sayar da shi sai marubuciya ita kaɗai. Ita ce mai rubutu, ita ce mai gyara, ita ce mai talla, ita ce mai karɓar kuɗi, ita ce mai gadi.

Bari mu yi lissafi, a matsayin misali kawai. A ce an sa wa littafi naira 500, mutum 200 suka biya. An tashi da naira 100,000. Idan rubutun ya ci wata huɗu ana taifin kullum da babban yatsa, kowane wata ya kama naira 25,000, kafin a cire kuɗin data da na cajin waya. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne. Ga kuma faɗuwar naira: kafin watan Yunin 2023 naira 500 ta ɗan haura dala ɗaya ta Amurka a farashin gwamnati, amma zuwa farkon 2024 dalar ta wuce naira 1,500. Wannan 500 ɗin ta koma wajen sefa 200, wato dala arba'in a lissafinmu na nan. Farashin shinkafa ya bi kasuwa, farashin littafi ya tsaya cik, domin marubuciyar da ta ƙara kuɗi ta san akwai ɗari a bayanta masu ba da nasu kyauta.

Wannan kyautar ita ce tushen matsalar. Rubutun waya da kyauta ya fara, a Facebook da WhatsApp da Wattpad, ladan marubuciya shi ne yabo da addu'a. An yi shekaru ana renon masu karatu a kan cewa labari abu ne da ke zuwa kamar gaisuwar Juma'a. Ranar da aka ce su biya sai suka ji kamar an sa wa rijiyar unguwa kwaɗo. Shi kuwa Wattpad, wanda aka kafa a Kanada a 2006, kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a 2021 a kan sama da dalar Amurka miliyan 600. Abin da aka saya ɗin taron masu karatu ne da labaran da marubutan duniya suka zuba kyauta, ciki har da namu.

Wasu sukan ce to a bar sayarwa, a dogara da talla. A nan aikina na rediyo ya koya mini wani abu. Mai talla ba yawan kunnuwa yake saye ba, aljihun masu kunnuwan yake saye. Shi ya sa ƙananan gidajen rediyo da yawa a yankinmu suke rayuwa da sanarwar aure da ta rasuwa, da masu maganin gargajiya, da shirye-shiryen da ƙungiyoyin agaji ke ɗaukar nauyi, duk da ɗimbin masu saurare. Haka abin yake a intanet, har ma ya fi tsanani. Tsarin tallan Google yana da jerin harsunan da yake karɓa, Hausa ba ta ciki, kuma ba ya biyan kowa sai kuɗinsa sun kai dala 100. YouTube, inda ake karanta littattafan nan da murya, yana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin a fara raba kuɗin talla da kai. Najeriya da Gana suna cikin ƙasashen da tsarin ya shafa, Nijar ba ta ciki. Tallan da ya rage wa marubuciya shi ne na kayan mata da turaren wuta da atamfa, wanda ake cusawa a tsakiyar shafi, jaruma na cikin kuka sai ka tsinci kanka a lambar mai sayar da gumba.

Manhajojin sayar da littafi sun zo da fatan gyara, wasu kuma suna ƙoƙari har yau. Amma OkadaBooks, wadda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, kuma marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a cikinta, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Wanda ya gina rumfarsa a filin wani, ranar da mai fili ya tashi sai ya kwashe kayansa a ka.

Mu da ke wannan gefen iyaka muna da ƙarin tarnaƙi. Yarinya a Tasawa tana son ta biya, kuɗinta sefa ne, asusun marubuciya na naira ne. Sai ta nemi wakili, ta je Nita ko Amana ta tura, ta ɗauki hoton takarda, ta jira a tabbatar, sannan a sa ta a zaure. Kafin ta gama wannan zirga-zirga ƙawarta ta riga ta turo mata littafin kyauta. Ba kullum rashin tsoron Allah ke sa a karanta na sata ba. Sau da yawa hanyar halal ɗin ce ta yi nisa, ta haram kuma tana tafin hannu.

Duk wannan bayanin kasuwa ne. Abin da ya fi damuna a matsayin mai karatu shi ne yadda hanyar neman kuɗin ta shiga cikin rubutun kansa ta canja masa kama. Tsarin da aka saba shi ne a saki shafuka goma ko ashirin kyauta, sannan a rufe ƙofa. Saboda haka duk ƙarfin marubuciya a shafukan kyauta yake ƙarewa. A nan za a yi auren dole, a yi haɗarin mota, a gano jaririn da aka musanya a asibiti, a tsaya daidai inda numfashi ya ɗauke. Da an biya an shiga ciki sai labari ya kwanta. A yi shafi uku ana kwatanta lefe, biyu ana jera abincin karin kumallo, ɗaya ana zaɓar motar da Alhaji zai fita da ita. Dalili kuwa a fili yake: mai biya da tsawo take auna kuɗinta, idan shafin yau ya gajarta za ta yi ƙorafi. Labarin da ya kamata ya ƙare a babi talatin sai a ja shi zuwa ɗari, har da littafi na biyu da na uku.

Sakin shafi kullum kuma ya kashe bita. Abin da aka rubuta da rana shi ake saki da dare, babu damar komawa baya. Shi ya sa za ka ga ƙanwar jarumi ta canja suna a tsakiyar littafi, ko yaron da aka haifa bara ya shiga makarantar sakandare bana, ko wani sirri da aka yi ta jan rai a kansa a farko an manta da shi gaba ɗaya. Ga masu biya suna zaune a zaure ɗaya da marubuciya, suna ba da umarni: kar a kashe wane, a wulaƙanta kishiya, a mayar da wance gidan mijinta. Wadda ta karɓi kuɗin mutane tun labari bai kai rabi ba, da wuya ta iya saɓa musu. Ƙarshen da labarin ke nema daban, wanda zaure ke nema daban, kuma galibi zaure ke yin nasara. Batsar da ake ta kuka da ita ma ƴar wannan tsari ce, domin ita ce hanya mafi sauri ta sa a buɗe jaka.

A nan ne cinikin ya juya ya ciji mai shi. Littafin da bai da wani jari sai "me zai faru gobe" darajarsa na ƙarewa ranar da aka ji abin da ya faru. Da ya fita waje shi ke nan, babu mai sake nemansa balle ya biya. Littafin da ake komawa a sake karantawa saboda daɗin harshe da zurfin hali shi ne mutum ke son ya mallaka. Magana Jari Ce tun 1937 ake buga shi, kowa ya san labaran ciki, kuma har gobe ana saye. Amma a yi adalci: Abubakar Imam bai rubuta shi yana jiran shaidar biya ba. Hukumar talifi ta Zariya ce ta ɗauke shi aiki, ga Rupert East a gefensa suna bita, ga makarantu na jiran littafin. Marubutanmu na yau ba su da ko ɗaya daga cikin ukun nan.

Ba baiwa suka rasa ba. Su ne suka shigo da zawarci da fyaɗe da ciwon sikila da rayuwar ƴan aikin gida da ta ƴan gudun hijira cikin labari, da muryar waɗanda abin ya shafa. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna abin da mata marubuta ke iya yi idan aka ƙayyade musu kalmomi, aka ba su lokaci, aka ce alƙalai za su duba. Hannun da ke jan labari shafi ɗari shi ne ke iya ɗaure shi tamau a shafi huɗu. Tsarin da ake rubutu a cikinsa ne ya bambanta.

Shawarata ga ƴan uwa marubuta ita ce a gama littafi kafin a sayar da shi, a ba wani ya duba, a yanke abin da bai da amfani ko da rabi ne. Ƙungiyoyin marubuta, waɗanda sunayensu ke cika saman shafi, su wuce gaisuwa da jinjina su zama kamar ƙungiyar ƴan kasuwa: mai gyara ɗaya da ake biya, farashin da aka yarda da shi, amintaccen wakili a Maraɗi da Damagaram da Yamai mai karɓar sefa nan take. A riƙa ɗaukar littafi da murya tun kafin wani ya riga mai shi, domin masu saurarenmu sun ninka masu karatunmu. Gidajen rediyo da masu tashoshin YouTube da ke karanta littafin mutum suna sa talla a tsakiya, su nemi izini su biya. Nijar na da hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA, Najeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, amma doka ba ta aiki sai an kai mata ƙara, kuma ƙungiya ta fi mutum ɗaya ƙarfin kai ƙara.

A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan da gaske ake, makarantu da ɗakunan karatu za su buƙaci littattafan Hausa masu yawa, kuma waɗanda aka gyara aka kammala su ne za su shiga wannan ƙofa. Mu kuma masu karatu, kafin mu tura wa ƙawa littafin da muka san na kuɗi ne, mu tuna cewa mafi yawan marubutan da suka ajiye alƙalami ba labari ne ya ƙare musu ba. Gajiya suka yi da aikin da ba ya sayen ko sabulu.