So Bayan Aure: Sharhi a kan Littafin Love Comes Softly na Janette Oke

GABATARWA

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu wani ƙagaggen labari na soyayya, wanda ko da yake da Turanci aka rubuta shi, kuma a wata uwa duniya mai nisa, ina ganin yana da abin da zai faɗa wa marubutanmu na Hausa. Sunan littafin Love Comes Softly, wato so a hankali yake zuwa. Wata mata Kirista 'yar ƙasar Kanada mai suna Janette Oke ita ta rubuta shi, kamfanin ɗab'i na Bethany House da ke Amurka ya buga shi a 1979. Masana adabin can suna lasafta shi cikin littattafan da suka buɗe wa labaran soyayya na Kirista kasuwa a zamanin nan.

To, wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska? Amsar ita ce, shekara guda bayan fitowarsa, wato a 1980, kamfanin NNPC na Zariya ya fitar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Ga mata biyu, kowacce matar aure, kowacce ta fara da labarin so, kowacce kuma ta zama jagaba ga matan da suka biyo bayanta. Amma hanyar da suka bi ta bambanta. Boɗaɗo da Yasir na Hafsat sun so juna tukuna, sannan suka yi ta faɗi-tashi don su samu su zauna tare. Taurarin Janette Oke kuwa aure suka fara yi, ba wanda yake son wani, sai daga baya so ya tarar da su a cikin gida. Wannan bambanci shi nake so mu duba.

MARUBUCIYAR DA GIDANTA

An haifi Janette Oke a 1935 a lardin Albata na ƙasar Kanada, ta kuma tashi a gidan manoma a shekarun da tattalin arzikin duniya ya karye. Ta yi karatu a kwalejin koyon Littafi Mai Tsarki ta Mountain View, inda ta haɗu da mijinta Edward Oke, wanda ya yi aikin fasto, daga baya kuma ya shugabanci wannan kwaleji. Suna da 'ya'ya huɗu, ciki har da tagwaye. Shekararta 44 lokacin da littafinta na farko ya fito. Daga baya ta rubuta littattafai fiye da 70, kuma 'yarta Laurel Oke Logan ta rubuta tarihin rayuwarta, ta kuma yi tarayya da ita wajen rubuta wasu labaran.

Na kawo wannan tarihi ne domin yana bayyana a cikin rubutun. Wadda ta shekara ashirin tana girki da wanki da reno kafin ta ɗauki alƙalami, ta san nauyin tukunya, ta san kukan yaro da tsakar dare. Saboda haka duk inda labarin ya shiga madafi, sai mai karatu ya ji ƙafarsa a ƙasa take.

LABARIN A TAƘAICE

Labarin ya faru ne a zamanin da Turawa ke kwarara zuwa yammacin nahiyar Amurka a kan amalanken doki, suna neman ƙasar noma. Wata yarinya mai suna Marty, 'yar shekara 19, ta iso da mijinta Clem, tana ɗauke da juna biyu. Ba su ko kafa bukka ba sai mijin ya rasu a hatsarin doki. Ga ta ba dangi, ba kuɗi, ga hunturu ya ƙarato.

A ranar da aka binne mijin, sai wani manomi mai suna Clark Davis, wanda matarsa ta rasu ta bar masa jaririya mai suna Missie, ya zo mata da shawara. Ita tana bukatar inda za ta fake, 'yarsa kuma tana bukatar uwa. Mai wa'azin da zai ɗaura aure a ranar zai bar yankin, ba zai dawo ba sai sanyi ya wuce. Ya yi mata alkawarin zai bar mata ɗaki ita da yarinyar, shi ya koma wani ɗan ɗaki da ke jingine da gidan, in kuma sanyi ya wuce ba ta ji daɗin zama ba, zai biya mata kuɗin komawa garinsu. Marty ta yarda, zuciyarta cike da ƙin wannan mutum. Sauran littafin duk labarin watannin nan ne, har zuwa lokacin da hanya ta buɗe, ita kuma ta tarar ba ta son tafiya.

JIGO

Babban jigon littafin shi ne, so abu ne da ake nomawa, kuma a aikace ake gane shi. Marubuciyar ta warware wannan jigo ta hanyar ƙananan abubuwa. Marty ba ta iya gashin burodi ba, ta yi ta ɓata gari, Clark ya ci bai ce uffan ba. Wata dattijuwa maƙwabciya, Ma Graham, ta zo ta koya mata aikin gida, ta kuma ba ta labarin yadda ita ma ta yi auren zawarci na larura, so ya zo daga baya. Da Clark ya fahimci Marty na da ciki, sai ya dinga zirga-zirga zuwa gari a cikin sanyi har ya samu aka kawo likita, domin rashin likita ne ya sa ya rasa matarsa ta fari. Da aka haifi yaron kuma, sai aka raɗa masa Claridge, sunan gidan mahaifinsa marigayi. Mu da muka san irin zaman da agola kan yi a wasu gidaje, mun san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Duk tsawon wannan lokaci babu wasiƙar soyayya, babu kirarin ido da hanci da gashi, babu mota, babu lefe. Amma mai karatu yana gani da idonsa yadda zuciyar Marty ke saukowa. A nan ne ƙarfin littafin yake. Bahaushe ya ce sannu ba ta hana zuwa, marubuciyar kuwa ta ɗauki kusan littafi guda tana tabbatar da haka.

HUNTURU DA KIRSIMETI

A ganina, babban tauraron wannan labari shi ne hunturu. Sanyin can ya wuce irin namu nesa, domin dusar ƙanƙara kan rufe hanya da gona, mutum ya yi kwanaki bai ga maƙwabcinsa ba. Marubuciyar ta mai da wannan yanayi dabarar zubi da tsari: ta kulle mutum uku a gida guda, ta hana su gudu, ta ce mu ga yadda za a kwashe. Tsarin labarin ma bin yanayi yake yi. An fara da mutuwa a ƙarshen kaka, aka tsaya cik a tsakiyar sanyi, aka haihu kafin ya wuce, aka rufe da shuka.

Babin Kirsimeti shi ne tsakiyar wannan tsari. Marty ta yi kwanaki tana shiri domin karɓar iyalin Graham, wato karo na farko ke nan da za ta tsaya a matsayin uwargida a gidan da ta shiga a matsayin baƙuwa. Ranar biki sai guguwar ƙanƙara ta taso, baƙi ba su samu zuwa ba. Aka bar ta da tulin abinci da takaici. To a nan ne Clark ya karanta musu labarin haihuwar Almasihu daga Littafi Mai Tsarki, Marty kuma, mai tsohon ciki a baƙuwar ƙasa, ta ji labarin Maryamu ya taɓa ta. Dabarar ta yi kyau ƙwarai. Da baƙin sun zo, da hayaniya ta rufe komai. Rashin zuwansu ne ya sa mutanen gidan suka dubi juna, kuma ta wannan ƙofa addini ya shiga labarin ba tare da an tsayar da shi an yi huɗuba ba.

Ni mutumin Sabon Birni ne, a yankin Gwarzo da Kabo, kuma wannan babi ya sa na tuna cewa mu ma hunturunmu cike yake da labari. Lokacin ne an gama yankan dawa, an cika rumbu, ƙura ta rufe gari, ana jin ɗumi da kara da asuba. Lokacin ne ake yawan bukukuwan aure saboda kuɗi ya shigo hannu, lokacin ne kuma magidanta ke tafiya cin rani su bar mata da yara da tsofaffi. A ƙauyukan yammacin Kano akwai Hausawa Kirista, da yawansu jikokin Maguzawa, waɗanda a ƙarshen Disamba 'ya'yansu ke dawowa gida daga makarantu da birane, a yi yanka, a yi waƙoƙin majami'a da Hausa, a aika wa maƙwabta Musulmi abinci kamar yadda su ma ake aiko musu da Salla. An gama fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tun 1932. Ashe kuwa kayan haɗin irin wannan labari duk muna da su a gida.

INDA LITTAFIN YA GAZA

Sharhi ba yabo ne kaɗai ba. Akwai wurare uku da nake ganin marubuciyar ta yi rauni.

Na farko, Clark ba shi da aibi. Ba ya fushi, ba ya gori, ba ya karya alkawari, ya iya noma, ya iya reno, ya iya addu'a. Irin wannan tauraro hoto ne na abin da ake fata, kuma saboda haka jigon ya zo da sauƙi fiye da kima. Kowace mace za ta iya son Clark a hankali. Tambayar da littafin ya kauce wa ita ce, ina labarin wadda larura ta jefa ta hannun mugu? Wannan tambaya Balaraba Ramat Yakubu ce ta amsa ta a 1990. A cikin Wa Zai Auri Jahila? an cire Abu daga makaranta an aurar da ita ga tsoho, kuma zama bai kawo so ba, gudu ya kawo. A cikin Alhaki Kuykuyo Ne kuma Rabi ta haifa wa Alhaji Abdu 'ya'ya tara, haƙurinta bai hana shi korar ta ba. Balaraba ita kanta an yi mata aure tana 'yar shekara 13, don haka ta san abin da take faɗa. Duk mai son ya ɗauki littafin Janette Oke hujja a kan auren dole, to ya lura da abu guda: Marty ita ta amsa da bakinta, kuma an bar mata ƙofa a buɗe. In aka cire wannan ƙofa, labarin ya rushe.

Na biyu, gaggawar auren. Mai karatu Bahaushe, musamman Musulmi wanda ya san takaba ta wata huɗu da kwana goma, ya kuma san mai ciki sai ta haihu, zai yi mamakin a binne miji da safe a ɗaura wa matarsa aure kafin rana ta faɗi. Marubuciyar ta kawo dalili, wato tafiyar mai wa'azi, amma dalilin ya fi kama da dabarar mai rubutu don ta samu ta kulle taurarinta da wuri.

Na uku, ƙasar da ake nomawa. Labarin ya nuna ta kamar fili ne Allah ya shimfiɗa yana jiran mai garma, alhali kuwa tarihi ya tabbatar da cewa ƙasashen yammacin Amurka da Kanada suna da masu su, waɗanda aka kora aka tsugunar a keɓaɓɓun wurare. Mu da Turawa suka ci ƙasarmu a 1903, bai kamata mu karanta irin wannan shiru mu wuce ba tare da mun yi magana ba.

KAMMALAWA

Tun shekarun 1990 ake ta muhawara a kan littattafan soyayya na Hausa, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kuma suka tsaya musu. Abin da nake so in ƙara a kan wannan muhawara kaɗan ne. Da yawa daga cikin littattafanmu suna ƙarewa ranar da aka kai amarya, waɗanda suka shiga ɗaki kuwa kishi da makirci suka fi nuna mana, kuma akasarinsu a manyan gidajen birni suke faruwa. Muna bukatar wanda zai rubuta mana yadda miji da mata ke sabawa a ƙauye, tsakanin rumbu da murhu da rijiya, ya haɗa lura irin ta Janette Oke da rashin tsoro irin na Balaraba.

Wannan kira ya shafi kowa a ƙungiyarmu, amma ya fi shafar 'yan'uwanmu ɗalibai Hausawa Kirista. Hausa harshenku ne kamar yadda yake namu, kuma in ba ku rubuta yadda ake aure da biki da makoki a gidajenku ba, wani ne zai rubuta muku, ya kuma rubuta son ransa. Hutun hunturu yana da tsawon dare. Kowa ya koma gida da littafin rubutu, ya zauna kusa da tsofaffi, ya buɗe kunne. Ina kuma fatan malamai da ɗalibai masu wani ra'ayi dabam za su mayar mini da martani a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace.