3.2 Labarin Dorugu: Nazarin Jigo da Salo a Rubutun Tarihin Kai

A wannan sashe za a duba labarin Dorugu, wanda yake ɗaya daga cikin labarai mafi daɗewa da wani Bahaushe ya bayar game da rayuwarsa cikin harshensa, aka kuma buga shi da boko. An zaɓe shi ne saboda ƙasar da labarin ya tsiro cikinta ita ce wadda Magama ta Jibiya take bakinta a yau, wato yankin da ya haɗa Katsina da Maraɗi da Damagaram. Lokacin da abin ya faru babu shingen kwastan tsakanin Magama da Ɗan Isa, domin sai a 1906 ne Ingila da Faransa suka daidaita kan iyakar da ta raba 'yan'uwan juna gida biyu.

An haifi Dorugu wajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance, cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu. Yana yaro aka kama shi bawa, aka raba shi da iyayensa, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa Kukawa ta ƙasar Barno. A can ne wani Bajamushe mai yawon bincike, Adolf Overweg, ya fanshe shi ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya ɗauke shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Sun biyo ta Damagaram suka sauka Katsina a farkon 1853, suka yi yamma zuwa Wurno da Sakkwato, har Tambutu. A 1855 suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, daga nan sai Landan. A 1856 Dorugu ya zauna da wani ɗan mishan, J. F. Schön, yana faɗa shi kuma yana rubutawa. Labarin bai fito a cikakken littafi ba sai a 1885, cikin Magana Hausa. A 1971 kuma Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da shi da Turanci, haɗe da labarin Maimaina na Jega, jikan Abbega.

Babban jigon labarin shi ne tsira daga ƙangin bauta, amma yana da kyau a lura da irin tsirar. Wanda ya saba da tatsuniya ko labaran jarumtaka zai sa ran ganin tauraro ya yi dabara, ya tsinke igiya, ya gudu cikin dare. Dorugu bai yi ko ɗaya ba. 'Yancinsa wani ne ya saya masa, tafiye-tafiyensa ma wani ne ya tsara, shi nasa bin raƙuma da hidimar maigida. Saboda haka mai nazari zai iya cewa ai babu wani cikas da yaron ya kawar da hannunsa. Wannan hukunci ya yi tsauri. Abin da ya rage a hannun yaron da aka raba da uwa da uba da gari shi ne idonsa da harshensa da abin da ya riƙe a ka, kuma da waɗannan ya yi aiki. Ya riƙe sunayen garuruwa bi da bi, ya riƙe abin da aka ci da wanda aka saya, ya kuma riƙe Hausarsa bayan shekaru cikin Barebari da Larabawa da Turawa. Nasarar da ke cikin labarin ita ce wanda aka taɓa yi wa kuɗi a kasuwa ya zauna yana ba da labarin masu ciniki.

Wannan ya fi fitowa fili a ɓangaren Ingila, wanda shi ne ya fi kowane armashi. A littattafan matafiya na wancan zamani, Bature ne ke kallo, baƙar fata kuma shi ake kallo. A nan sai reshe ya juye da mujiya. Dorugu ya zuba wa Turawa ido yana bayyana yadda suke zama cin abinci da irin suturarsu, kamar yadda Barth ya yi ta bayyana Katsinawa da Kanawa a nasa littafin. Bai yi haka da izgili ba, bai kuma yi da rawar jiki irin ta baƙauye ba.

Ta fuskar salo, jimlolin gajeru ne, a jere suke bisa tsarin aukuwar abubuwa, daga wannan zango zuwa wancan, tamkar mai ba da labari a dandali. Inda abin ya fi ɗaukar hankali shi ne wuraren baƙin ciki. Rabuwa da iyaye, wadda marubucin zamani zai cika shafuka da ita, a nan ba ta samun fili fiye da wanda bayanin hanya ko na kasuwa ya samu. Ana iya fassara wannan ta hanya biyu. Ta farko ita ce tarbiyyar Bahaushe ta kunya da haƙuri da dauriya, wadda ba ta yarda mutum ya baje cikinsa a gaban baƙo ba. Irin wannan kamewa ana ganinta a labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Baba ta yi aure huɗu ba ta sami haihuwa ba, amma ta fi sakin baki a kan bukukuwa da zumunci da al'amuran wasu fiye da wannan ciwo nata. Hanya ta biyu kuwa ita ce a tambayi wanda ke riƙe da alƙalami.

A nan ne raunin labarin yake, kuma bai kamata a rufe shi ba. Schön ba tarihin yaro ya fita nema ba, Hausa yake nema domin aikin nahawu da ƙamus da fassarar littattafan addininsa. Nahawunsa ya fito a 1862, ƙamus kuma a 1876. Dorugu a lokacin bai wuce shekara 17 ba, yana zaune a gidan mai tambayar, yana cin abincinsa, nesa da duk wanda ya san shi. Yaro a wannan hali ba zai faɗi abin da zai ɓata wa masu gida rai ba, kuma mai karatu yana da hujjar yin hattara da yadda Turawan labarin suka fito kusan ba su da aibi. Haka nan rubutun Schön bai bambance baƙaƙe masu lanƙwasa yadda ake yi yanzu ba, saboda haka ɗalibin da zai yi amfani da shi wajen nazarin karin harshen Damagaram sai ya yi taka-tsantsan. Duk da haka, muryar da ke ciki ba ta Bajamushe ba ce. Zubin maganar da abubuwan da aka ga sun isa a ambata na ɗan ƙauyen Hausa ne.

Idan aka ajiye shi kusa da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, bambancin gaskiya da ƙage zai bayyana. Shi ma Umar da bakinsa yake ba da labari, shi ma an sace shi yana yaro, kuma abin mamaki wanda ya ɗauke shi ya ƙetare Sahara da shi sunansa Abdulkarim. Sai dai marubucin ya ɗaure kowane zare: uwa ta bi sawun ɗanta har suka gana kafin ta cika, Umar kuma ya zama shaihin malami da almajirai kewaye da shi a Rauta. Labarin Dorugu bai sami wannan gata ba. Ya tsaya ne a inda zaman faɗa da rubutawa ya tsaya, mai labarin yana ƙasar wasu, bai san abin da gobe za ta haifar ba.

Dorugu ya komo ƙasar nan a 1864, ya yi aikin tafinta, daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912. Shekaru 56 ke nan tsakanin labarin da rasuwarsa, cikinsu har da komowar mutumin da aka yi wa baftisma da sunan James Henry zuwa cikin al'ummar Musulmi, da zuwan Turawan mulki da ya yi wa aiki. Mai yiwuwa nan ne gwagwarmayarsa mafi wuya take, kuma ita ce wadda Magana Hausa bai ƙunsa ba.