Ƙaho da Gashi a Jikin Mai Ciwon Suga

Wanda ya zauna unguwar Badariya a Birnin Kebbi ya san tafiyar: magidanci ya dafe ƙugu, yana jan ƙafa ɗaya, in ya zo zama ya karkata gefe guda. Manomin shinkafa ne da ya wuni duƙe a fadama, ko masunci daga wajen Argungu, ko ɗan kabu-kabu. In ka yi masa sannu zai ce ƙugu ne ya riƙe, zafin kuma yana bin bayan cinya har tafin ƙafa kamar an zura masa garwashi.

A wurin likita, wannan aikin jijiya ce mafi kauri a jikin ɗan Adam, wadda ta taso daga ƙasan gadon baya ta bi ɗuwawu ta sauka ƙafa. Galibi guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ke bultsowa ya danne tushenta. Yawancin masu ciwon kan sami sauƙi cikin mako 6 zuwa 12, ko an yi magani ko ba a yi ba. Shi ya sa kowane mai magani yake da shaidu: ciwon da zai tafi da kansa, wanda ya taɓa shi a ƙarshe shi ke shan yabo.

Wanzami kuwa sanyi yake gani, ko mataccen jini. Ya kafa ƙaho, ya zuƙe iska, ya cire, ya tsattsaga wurin da aska, ya mayar har jini ya taru. A gida a bi da gashi da ruwan zafi da tausa da man kaɗe. In abin ya ƙi, wasu har lalas suke yarda a yi musu.

Abin mamaki, tsohuwar likitancin Indiya da ake kira Ayurbeda ta bi kusan wannan turba. Sun sa wa ciwon suna giridarasi, daga sunan ungulu, don tafiyar mai shi irin tata ce. Littafin Sushruta ya kawo fitar da jini da ƙahon saniya, da matsattsaku, da duma, ya kuma kawo ƙona fata da ƙarfe mai zafi. Sun san ciwon suga, suna kiransa fitsarin zuma, sun lura tururuwa na taruwa inda mai shi ya yi fitsari, kamar yadda tsofaffinmu ke lura. Sai dai littafin Charaka ya yi abin da ya kamata mu tsaya a kansa: da ya zo lissafa waɗanda ba a yi wa turare da gashi, ya sa mai fitsarin zuma a ciki.

Dalilin a fili yake yau. Suga in ya daɗe yana kashe ƙananan jijiyoyin ƙafa, ya rage gudun jini. Mai shi zai iya tsoma ƙafa a ruwan da zai sale fata, ya ce bai ji komai ba, a ƙara. Tsagar da kan warke wa mai lafiya cikin kwanaki, a jikinsa tana iya zama gyambo, gyambon ƙafa kuma shi ne hanyar da ke kai masu suga ga yankewa. Ga kuma rikitarwa: zugin da suga ke kawowa yakan kama ƙafafu biyu, ya faro daga yatsu, ya fi tsanani da dare, na ƙugu kuwa ƙafa ɗaya yake bi daga sama. In na suga ne, ƙaho goma a ƙugu ba su taɓa tushensa ba.

Kada a ɗauka kemis ya fi tsira. Diclofenac da ake saye kamar gyaɗa yana wahalar da ƙoda, wadda suga ya riga ya gajiyar, dexamethasone kuma yana tayar da sugan. Kwalaben waje ma haka: a 2004 masu bincike a Boston ta Amurka sun gwada magungunan Ayurbeda 70, suka sami dalma ko zaiba ko arsenik a cikin 14.

A ganina wanzanci bai rasa basira ba, tambaya ɗaya ta rage masa kafin aska ta fito daga zabira: "Baba, kana da suga?" Tausa a hankali da tafiya kaɗan-kaɗan maimakon kwanciya ba su da illa. In za a yi gashi, wani mai lafiya ya gwada ruwan da gwiwar hannunsa, kuma kada ya kai ƙafa. Wanda fitsari ko bayan gida ya fara kufce masa, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko tafin ƙafarsa ya daina ɗaguwa, a ranar za a ɗauke shi zuwa asibitin Sir Yahaya ko na tarayya, ba sai gari ya waye ba.