Baƙin Rim Ba Ya Son Gaggawa

Shekaru kaɗan da suka wuce, in aka ce ƙafar mota ta yi kyau, rim mai ruwan azurfa ake nufi. Yanzu yayi ya juya. Tsaya a Zoo Road ta Kano da yamma, ko a Titin Ahmadu Bello na Kaduna, ka kalli motocin da ke wucewa, za ka ga baƙin rim mai sheƙi ya kama gari, daga Camry da Accord har Lexus da Hilux. Wasu haka suka fito daga kamfani, domin Toyota na da samfurin Nightshade, Nissan na da Midnight Edition, Mercedes kuma na da Night Package. Wasu kuwa, masu yawa, wajen mai fenti aka kai su aka fesa.

Ina son wannan yayi, ba zan ɓoye ba. Farar mota a kan baƙaƙen ƙafafu masu ƙyalli tana da kwarjini, ko da tsohuwa ce. Abin da ke damuna shi ne mun karɓi adon, mun bar hidimarsa. Rim ɗin da aka fesa da hunturu, kafin damina ta sauka ya dusashe ya koma toka-toka, in rana ta haska shi sai ka ga zane-zane ko'ina. Mai mota ya ce fentin ne ba shi da kyau, mai fenti ya ce hanya ce. Ni a ganina mafi yawan ɓarnar a wajen wanki ake yin ta, da hannun mutanen da ke ƙoƙarin tsabtace motar.

Sheƙin da ake gani ba daga baƙin fentin yake fitowa ba. Akwai wani shafe marar launi da ake fesawa a kansa, wanda masu fenti ke kira kiliya. A jikin mota kaurinsa yakan kai maikiron 40 zuwa 50, wato bai kai kaurin silin gashin kai ba. Duk abin da ya karce shi, bakin karcen zai watsa haske ya fito fari-fari. A kan rim mai ruwan azurfa ido ba ya kama wannan, domin launin ya saje. A kan baƙi kuwa babu wurin ɓuya. Rim ɗin azurfa ma yana shan irin wannan wahala, rufa mana asiri kawai yake yi.

To me ke karce shi? Datti iri biyu ne ke zama a kan rim, kowanne da halinsa. Na farko ƙurar birki. Duk lokacin da aka taka birki, takalmin birki na guga faifan ƙarfe, ƙananan ɓarɓashin ƙarfe masu zafi su tashi su manne a jikin rim, su nutse cikin kiliya. Ƙafafun gaba sun fi shan wannan, saboda su ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota. Na biyu kuma ƙasarmu ce: yashin titi, jar ƙasa, taɓon damina, da hazon hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. Ƙwayar yashi tana da taurin 7 a ma'aunin Mohs mai mataki 10, alhali wuƙar ƙarfe da muke amfani da ita a gida ba ta cika wuce 5.5 ba. Abin da ya fi wuƙa tauri, me kake zato zai yi wa fenti in aka danna shi da soso aka murza?

Na zauna a kan benci a wuraren wankin mota na kalli yadda ake yi, kuma kusan ko'ina salon ɗaya ne. Yaro ya kaɗa omo a bokiti, ya wanke jikin mota da soson katifa, in ya gama sai ya sauko kan ƙafafu da ruwan da ya rage, wanda ya riga ya koma launin koko. Ya ɗauko burushin wankin kaya mai tauri, ko guntun buhu da aka dunƙule, ya dirje robar taya, ya zarce kan rim ba tare da ya ɗauraye ba. Burushin ya faɗi ƙasa, ya ɗauka ya ci gaba. In ya ga wani tabo ya ƙi fita a lungun noti, sai ya sa soson waya. Daga ƙarshe ya goge da tsumman da ya goge ƙofa da ƙasan bamba. Mai mota na gefe yana duba agogo yana cewa, "Kai yaro, yi sauri mana, ina da wajen zuwa." Yaro ya ce, "Yanzu-yanzu, Alhaji." Ya ƙara ƙarfin hannu.

Ban ga laifin yaron ba. Haka aka koya masa, kuma da haka yake wanke rim ɗin azurfa shekara da shekaru ba wanda ya yi ƙorafi. Yawan motocin da ya wanke a wuni shi ne abincinsa. Wanda ya kamata ya canza shi ne mai motar da ya kashe kuɗi ya baƙanta ƙafafunsa, sannan ya kasa sayen burushi ɗaya na kirki.

Kafin maganar burushi ma, ruwa ne kayan aiki na farko. Duk ƙwayar yashin da ruwa ya kora, ita ce wadda ba za a murza a kan fenti ba. A fara da feshi sosai, da inji ko da tiyo, a bi ta cikin rim da tsakanin sandunansa da bayan taya. A zuba kumfa a bar ta ta jiƙa dattin na 'yan mintuna, a sake fesawa, sannan hannu ya taɓa. Kuma rim ya zama ya huce. Baƙi na shan zafin rana, ga zafin birki, a watan Afrilu kuma Kano kan wuce digiri 40. Sabulun da aka zuba a kan rim mai zafi bushewa yake nan take ya bar tabo. A nemi inuwa, a yi ƙafa ɗaya a gama kafin a koma ta gaba.

A fuskar rim, inda ido ke sauka, ni ba na yarda burushi mai tsinke ya taɓa, komai laushinsa. Safar hannu ta maikirofaiba ta fi, ko ƙaramin tawul ɗinsa mai dogon gashi. Zarensa siriri ne ƙwarai, na foliyesta da nailan, yana janye datti ya shige cikin gashin maimakon ya tura shi a kan fenti. Ga kuma yatsu a ciki, kana jin abin da kake taɓawa. In ka ji wani abu na ƙaras-ƙaras, sai ka tsaya ka ɗauraye. Ba a dannawa, ba a murzawa da'ira-da'ira. A shafa sau ɗaya ko biyu, a tsoma a ruwa, a dawo.

Cikin rim, bayan sanduna, nan ne hannu ba ya kaiwa, kuma nan ƙurar birki ta fi taruwa. Akwai doguwar sanda ta roba da aka naɗe kanta da ulu ko maikirofaiba, irin su Wheel Woolies da makamantansu. Ita ta dace. Wanda nake gudu shi ne burushin da ke da murɗaɗɗiyar waya a tsakiya, mai kama da na wanke kwalba. Gashinsa na nailan yakan bar zane a gefen sanduna lokacin shiga da fita, yana kuma watso datti a fuska, in kuwa hular robar da ke kansa ta cire, tsinin wayar zai yi yankan da ba folish ɗin da zai gyara. Kafin ka saya, duba kan sandar da marikinta, in akwai ƙarfe a fili ka ajiye.

Sai lungun noti da gefen bawul. Nan ana buƙatar ƙaramin burushi mai siffar na fenti, mai gashin roba mai taushi sosai, wanda bakin gashinsa ya tsattsage. In wuyansa na ƙarfe ne, a naɗe shi da salatif. Wani abin da ya kamata a sani: da yawa daga cikin waɗannan ƙananan burusan da ake tallatawa a intanet da gashin aladen daji ake yin su, kuma a rubuce yake a jikin kwalin. Da yawanmu ba za su so riƙe shi ba. Ba a yi asarar komai ba, domin gashin yana da ɗan tauri, yakan kuma bar sawu a kan baƙin fenti mai laushi. Na roba ya wadatar.

Burushi mai tauri yana da wajen aikinsa, wato robar taya, kuma a nan zai tsaya. Bokitin ƙafafu ma daban, ba ya haɗuwa da na jikin mota, tawul ɗinsu daban. Duk abin da ya faɗi ƙasa ya gama aiki sai an wanke shi.

Omo kuwa na kaya ne. Yana da kaifi, yana cinye duk wani man kariya da aka shafa, garinsa da bai narke ba kuma yana karce. Sabulun wankin mota na ruwa, mai matsakaicin ƙarfi kusa da 7 a ma'aunin pH, shi ya isa wankin mako-mako. In ɓarɓashin birki ya nutse har kana jin kaushi da yatsa, akwai ruwan cire ƙarfe da ake fesawa, wanda ke komawa shunayya in ya haɗu da ƙarfen. Warinsa ba daɗi, amma yana narkar da abin da in ba shi ba sai an kankare. Wanda nake roƙon a guje wa shi ne ruwan wankin rim mai asid, musamman wanda ake ɗurawa a gora ba suna ba bayani. Wasu irinsa na ɗauke da asid haidurofulorik, wanda ke ratsa fata ya kai ƙashi, sau da yawa ba tare da an ji zafi da farko ba. Yaran nan hannu tsirara suke aiki. Ko don su kaɗai, bai kamata wannan ruwa ya shiga wajen wanki ba.

In an gama a busar, kada a bar wa rana. Ruwan rijiya da na burtsatse sukan bar ɗigo-ɗigon fari in sun bushe da kansu, kuma a kan baƙi sun fi fitowa. Tawul mai tsabta, a dafa a ɗaga, ko a hura da injin iska in akwai.

Hausawa sun ce in kana da kyau ka ƙara da wanka. Burusai da tawul da sabulun nan da na ambata za su shiga bokiti ɗaya a but. Ka miƙa wa mai wankinka, ka nuna masa sau ɗaya, ka ƙara masa wani abu a kan kuɗin da ya saba karɓa, domin lokacinsa ka saya. Ka riƙe mutum ɗaya ya san motarka. Haka nan in ka je wajen mai faci, ka tsaya a kansa ya sa tsumma a ƙarƙashin ƙarfen da yake ɓanɓare taya da shi, domin bakin rim a nan yake samun rauninsa mafi muni.

Rim ɗin da ya riga ya karce, folish na iya dawo da shi, amma folish kankare kiliyar yake yi har ta daidaita da zurfin karcen, don haka ba abin maimaitawa ba ne kullum, balle a kan fentin da aka fesa siriri a gareji. Wanda kuma hanyar gidansa jar ƙasa ce, ko motarsa ta haya ce da ake wankewa kowace safiya a tasha, shawarata ya bar baƙi mai sheƙi. Ya sa mai fenti ya yi masa ruwan toka mai duhu, ko baƙi marar ƙyalli sosai. Daga nesa kwarjinin kusan ɗaya ne, kuma suna jure ƙura da hannun mai gaggawa fiye da mai sheƙin.