"Used to" ba "nakan" ba ce

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, shekararta shida a sashen gaggawa na wani asibiti a Kano. A bara aka kira ta hirar ɗaukar aiki daga Ingila ta Zoom, sai ta zo gidana ta yi saboda muna da sola. Ina zaune a falo ina jiyo muryarta daga ɗaki. Baturiyar da ke mata hirar ta tambaye ta aikin da take yi, ta amsa da ƙarfin gwiwa: "I use to work in the emergency unit." Matar ta ɗan yi jim, sannan ta tambaye ta dalilin da ya sa ta bar wurin. Da aka gama ta fito fuska a murtuke: "Yaya, yaushe na ce mata na bar aiki? Ni da nake da aikin dare gobe!"

Ta ce mata, ba ta dai sani ba. A kunnen Bature wannan jimla na nufin "a da ina aiki a can, yanzu na daina". Kuma cire harafin d da ta yi a zuciyarta bai cece ta ba, domin a baki "use to" da "used to" sauti ɗaya ne, t ɗin da ke gaba yana haɗiye d ɗin. Ka kwatanta mutumin kirki ya tsaya gaban baƙo yana cewa "I use to pray five times a day", shi yana ba da labarin ibadarsa, baƙon kuwa yana jin mutumin da ya yi sallama da salla.

Ba jahilci ne ya kawo wannan kuskure ba, wadatar Hausa ce. Muna da abin da malaman nahawu ke kira lokaci sabau: nakan je, takan dafa, sukan zo. Ɗan "kan" ɗin nan kaɗai ya isa ya nuna abu ne da ake maimaitawa. Turanci ba shi da irinsa ga abin da ake yi a yanzu, aikatau tsirara yake ajiyewa: "I work", "she cooks". Bahaushe in ya ce "I work" sai ya ji kamar ya fita ba hula, ya laluba ya ga "use to" a kusa, ya ɗora. Ba mu kaɗai ba ne, za ka ji shi a bakin 'yan Kudu ma, amma mu muna da gurbin da yake faɗawa daidai wa daida.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yayin da ake yi yanzu na koyar da Turanci a TikTok da Facebook. Malami ya tsaya gaban farin allo, ko ya riƙe waya a mota, cikin minti ɗaya ya ba ka ƙwarangwal ɗin jimla da misalai goma, ka haddace ka riƙa sauya kalma. Ni ina son wannan salo. Ya kai Turanci ga tela da mai shago da matar aure da ba za su taɓa zama a aji ba, kuma ya cire musu tsoron buɗe baki, abin da darasin nahawu na sakandare ya kasa yi wa da yawanmu. Amma na kalli bidiyo fiye da ɗaya inda aka rubuta "I used to" a hagu, aka rubuta "nakan" a dama, aka ja layi. Dubban mutane suka danna alamar so, suka tura wa 'yan uwa. Kalma ɗaya tak ta ɓace a allon: "da". Fassarar ita ce "da nakan", ko "a da ina". Da an ƙara daƙiƙa biyar an faɗi haka, da an rufe ƙofar.

A ganina matsalar ita ce malaman suna ɗaukar Hausa a matsayin jakar kalmomin fassara kawai, ba sa tsayawa su duba yadda ita kanta take aiki. Ɗalibin da aka ce wa "duk inda za ka ce nakan, bar aikatau shi kaɗai, in kana so ƙara usually, duk inda za ka ce da nakan, nan ne gidan used to" ba zai sake ruɗewa ba, don an ɗora masa sabon abu a kan wanda ya sha a nono.

Akwai kuma wasu furuci biyu da ake cusawa tare da "used to" a bidiyo ɗaya kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, alhali kama ce kawai. "I am used to the heat" na nufin na saba da zafi. "You will get used to it" kuwa, za ka saba. Bayan waɗannan suna ne ke biyowa, ko aikatau mai -ing: "I am used to waking early". A nan ma Hausa ta riga ta raba gardama, tunda "na saba da tashi da asuba" daban, "da nakan tashi da asuba" daban. Na farko mai himma ne, na biyu ya fara makara.

Wani zai ce ai Turancin Najeriya ne, a bar mu da abinmu. Ina jin wannan magana, kuma ba na raina ta. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da furuci 29 daga Najeriya, har da Kannywood da okada da "next tomorrow", wato jibi. Abin dariya ma, a zamanin Shakespeare Turawa da kansu suna amfani da "use to" don abin da ake yi a halin yanzu, daga baya ya mutu a bakinsu ya bar na baya kaɗai. To in a Kantin Kwari ne ko a ofis a Abuja, faɗi abinka, kowa zai gane. Sai dai "next tomorrow" in baƙo bai gane ba zai tambaya. "I use to work" kuwa ba zai tambaya ba, don a ganinsa ya gane, kuma kishiyar nufinka ya gane. Mai duba takardar WAEC ko IELTS ma jan biro zai sa ya wuce.

Ƙanwata dai ta gyara zancen a cikin hirar, ta ce har yanzu tana nan. Da daddare na zaunar da ita muna shan shayi, na ce ta faɗa mini da Turanci: da nakan ji tsoron jini, yanzu na saba. Ta yi shiru tana juya cokali, sannan ta ce: "I used to be afraid of blood, now I am used to it." Ta ajiye kofin ta harare ni: "Yaya, to me ya hana ka gaya mini jiya?"