Ma'anar Kalmar “Repertory” da Matsalar Fassara Ta Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Masu fassara labaran adabi sukan mayar da lafazin Turancin nan “repertory company” zuwa “ƙungiyar wasan kwaikwayo”, su wuce. Wannan ɗan nazari yana ƙoƙarin nuna cewa fassarar ta ɗauki gangar jiki ta bar ruhi, domin kalmar tana ɗauke da tarihi wanda ya sauya mata ma'ana.

2.0 Asali da Ma'ana

Turanci ya aro kalmar daga Latin, “repertorium”, watau jerin sunayen kayan da aka adana domin a same su idan an nema. A fagen wasa, ma'anarta ita ce tarin wasannin da 'yan wasa suka riga suka ƙware a kai, suke iya fitowa da kowanne a duk ranar da aka buƙata. Ƙungiyar da ta amsa wannan suna tana da siffofi uku: 'yan wasa na dindindin, da zaure nata na kanta, da kuma wasanni masu yawa da ake yi bi da bi, yau wannan, gobe wancan. Misali mafi daɗewa shi ne Comédie-Française, wadda Sarki Louis na 14 ya kafa a Faransa a 1680.

3.0 Yadda Ma'anar Ta Gusa

A Ingila abin ya ɗan karkata. Annie Horniman ta buɗe irin wannan zaure a Manchester a 1908, Liverpool ta bi baya a 1911, Birmingham kuma a 1913. Amma ƙananan ƙungiyoyin da suka yaɗu daga baya ba su riƙe tsarin karɓa-karɓa ba. Sai su yi wasa ɗaya mako guda cur, da rana kuwa suna koyon na mako mai zuwa, har yaɗuwar talabijin a shekarun 1950 ta rage musu kasuwa. Ke nan a bakin Bature na Ingila kalmar ta bar nufin taskar wasanni, ta koma nufin zaunanniyar ƙungiya.

4.0 Matsalar a Hausa

“Ƙungiyar wasan kwaikwayo” ta haɗa kowa da kowa, har da ɗaliban da suka taru don wasa ɗaya na ƙarshen shekara suka watse. Alhali kuwa Hausa ba ta rasa abin kwatance ba. 'Yan kama suna da tarin barkwancin da suka hardace, kamar kwaikwayon wa'azin malamai da zancen abinci, suna zaɓen wanda ya dace da taron da ke gabansu. Siffa ta uku ke nan, ko da yake yawo suke yi, ba su da zaure.

5.0 Kammalawa

Saboda haka kalma ɗaya ba za ta wadatar ba. Inda marubuci ke nufin tsarin Faransa, “ƙungiya mai taskar wasanni” ta fi dacewa. Inda yake nufin na Ingila, a ce “zaunanniyar ƙungiyar wasa”. Mai fassarar da bai fara tantance ƙasa da zamanin da ake magana a kai ba, zai koyar da ɗalibi abin da marubucin asali bai faɗa ba.